Mun Taya Gida, Sai Aibi Ya Fito: A Nemi Ragi Ko A Fasa?

Ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa sun kai ga bukatar wuri nasu na kansu. Hatsin membobi yana ƙaruwa, ga taki, ga iri, ɗakin ma'aji kuwa ya kāsa ɗauka. Saboda haka akan nemi tsohon gida kusa da kasuwa a mai da shi sito.

Wata ƙungiya da muke aiki tare da ita ta sami irin wannan gida a cikin watan Maris. Aka taya, mai gida ya sallama, aka ba da kafin alƙalami, za a cika sauran bayan an sayar da masarar da ke ajiye. Da ruwan fari ya sauka sai ɗakin baya ya cika da ruwa, bangon gabas kuma ya tsage. Ran taro membobi suka rabu. Waɗansu suka ce a koma a nemi ragi, waɗansu suka ce a fasa. Dattawa kuwa suka ce magana zarar bunu ce, janyewa abin kunya ne. Aka daɗe ana gardama, amma ba wanda ya je ya duba tsagar da kyau.

Kuɗin da ake magana a kansa gumin membobi ne na shekara da shekaru. Kafin a yanke shawara, sai mu bi waɗannan matakai.

Ina ciniki ya tsaya?

Tayi ba saye ba ne. Muddin mai gida bai sallama ba, muna da iko mu janye ko mu sāke farashi. In ya sallama har an ba da kafin alƙalami, to alkawari ya shiga. Wanda ya fasa ba da dalili mai ƙarfi ba yana iya rasa abin da ya bayar, sai dai in tun farko an yi sharaɗin mayarwa. In kuwa an biya kuɗi duka a gaban shaidu, an kuma miƙa gidan, kotuna sukan ɗauka ciniki ya kammala bisa al'ada. Daga nan komawa baya yana da wuya ƙwarai, gama duba lafiyar gini nauyin mai saye ne. Don haka kada a cika kuɗi sai an gama bincike.

Aibin da kuɗi ke gyarawa

Kwanon da ke yoyo, katakon rufi da gara ta ci, daɓen da ya farfashe, ƙofa da taga da suka lalace, duk waɗannan kuɗi yana maganinsu. A kira magini da kafinta waɗanda ba su da dangantaka da mai gida ko da dillali. Dillali dai la'adarsa yake jira, ba ya samunta sai ciniki ya faɗa.

A soki katakon rufi da wuƙa. In ta shige da sauƙi, gara ta cinye cikinsa. A dubi gindin bango ko akwai alamar laima. Wannan ya fi muhimmanci ga sito, domin hatsin da ya sha laima yakan yi fumfuna, irin wannan hatsi kuwa yana cutar da mutum da dabba.

Tsagar bango iri biyu ce. Siririya wadda ta tsaya a kan shafe ba abin tsoro ba ce. Amma wadda ta bi bango a karkace, ta ratsa har ɗaya gefen, tana nuna harsashin gini ya motsa. A shafa ɗan siminti a kanta, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan mako uku ko huɗu. In simintin ya sāke tsagewa, bangon yana nan yana tafiya.

Aibin da kuɗi ba ya gyarawa

Na farko shi ne ƙasar da gidan ke kai. Gidan da ke kan hanyar ruwa zai sha ambaliya kome yawan simintin da aka zuba masa. Baƙar laka kuma, irin wadda ake samu a sassan Gombe da Adamawa da Borno, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta riƙa karya ginin da ba a yi wa harsashi mai ƙarfi ba. A tambayi maƙwabta inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta.

Na biyu shi ne mallaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Abin da mutum ke da shi izinin zama ne. In gidan yana da satifiket na Gwamna, ba a sayar da shi ko a jinginar sai da yardar Gwamna. In a karkara yake bisa mallakar gargajiya, amincewar Ƙaramar Hukuma ake nema. Dokar ta ce cinikin da ya saɓa wa wannan ba shi da ƙarfi. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda jinginar gida ta rushe don ba a nemi yardar Gwamna ba.

Saboda haka a je ofishin filaye, kamar KADGIS a Kaduna ko PLAGIS a Filato, a bincika sunan da ke kan takarda, da ko an jinginar da gidan ga banki. A je wurin mai unguwa da dagaci a ji tarihin wurin. In gidan gado ne, tilas dukan magada su yarda, har da mata da waɗanda ke birni. A kuma duba ko gidan ya shiga filin hanya ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki.

A irin wannan aibi ragi ba shi da amfani. Gidan da ba na mai sayarwa ba, ko a rabin kuɗi aka saye shi an yi hasara.

Mu yi lissafi

A ce an yi ciniki a kan naira 4,000,000, an ba da kafin alƙalami 400,000. Bayan an ware la'ada da kuɗin takardu, iyakar abin da ƙungiya za ta iya kashewa 4,500,000 ne. Magini ya rubuta gyara zai ci 900,000. Tsohon gini yakan ɓoye aibi, sai mu ƙara kashi ɗaya cikin biyar, watau 180,000. Gyara ya zama 1,080,000. In an cire wannan daga 4,500,000, saura 3,420,000. Wannan shi ne iyakar farashin da za mu iya biya, ragin da muke bukata kuwa 580,000 ne. A rubuta adadin nan a littafin taro tun kafin wakilai su tafi, don kada kunya ta sa su wuce shi.

Wani zai ce, “In mun fasa, 400,000 ɗinmu fa?” Gaskiya hasara ce mai zafi. Amma a tuna da 3,600,000 da ke hannu har yanzu. Kada tsoron rasa ƙarami ya sa mu jefa babba a rami. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Komawa wurin mai gida

Mutum biyu ko uku su je, tare da shaidun farko, da takardar magini a hannu. Kada a kushe gidan mutum, a can ya haifi 'ya'yansa. Ana iya cewa, “Baba, muna son gidan nan har yanzu. Ga abin da ruwa ya nuna mana, ga lissafin magini. Ku duba mana, ko a rage, ko ku gyara kafin mu cika.” Hanya ta uku ita ce a riƙe wani kashi na kuɗin sai an gama gyara.

Mu ma sai mu riƙe gaskiya. Aibin da muka gani da idonmu tun kafin mu taya ba hujjar neman ragi ba ne. Ƙungiyar da ta yi suna da warware magana don son banza, gobe ba wanda zai ba ta bashin taki.

In fasawa ta zama tilas, a faɗa da wuri, a gaban shaidu, a rubuce, tare da dalili, don mai gida ya nemi wani mai saye. In matsalar ta mallaka ce, a nemi a mayar da kafin alƙalami duka, gama mai sayarwa ne ya kāsa ba da abin da ya yi alkawari. In ya ƙi, a nemi shawarar lauya ko jami'in ƙungiyoyin gama kai kafin a kai ƙara.

Ƙungiyar nan da muka ambata ta bi wannan hanya. Magini ya tarar magudanar bayan gida ce ta toshe, ruwa ya ci gindin bango. Bayan an buɗe ta, simintin gwaji bai sāke tsagewa ba. Mai gida ya ɗauki rabin kuɗin gyara. Amma bincike ya nuna yana da ƙanne biyu a birni da ke da rabo a gidan, sai aka riƙe sauran kuɗin har suka zo suka sa hannu.

Shawararmu ga kowane magatakarda ita ce, ran da za a ba da kafin alƙalami a rubuta sharaɗi ɗaya: an ba ƙungiya wata ɗaya ta duba gini da takardu, in an sami aibin da ba a faɗa ba za a mayar da kuɗin. In da hali kuma, a ga gida da damina kafin a taya shi.