Ƙudan Zuma da Kujerar Amintattu

Duk Bazamfaren da ke zaune a Landan ko Manchista, idan ya ji wani zai taso daga gida, saƙonsa bai wuce kilishi da yaji da zuma ba. Dokar Birtaniya ta yarda matafiyi ya shigo da zuma kilo 2, a gidaje da yawa kuwa ba a taɓa ta sai mura ta kama yaro. Amma mai aikowa daga Bungudu yakan haɗa da gargaɗi: a lallaɓa ta, ta gaskiya ta yi wuya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Amya a daji ake rataya ta, a reshen ɗorawa ko kaɗanya, a toshe bakinta a bar 'yar kafa, sai dare ya yi a hau da hayaƙi a ɗebi saƙa. Dajin da ke tsakanin Bungudu da Maru da Tsafe yau ba kowa ke shigarsa da rana ba, balle da dare. A gonakin da ke kusa da gari kuma, feshin da ake yi wa wake lokacin da yake fure ba ya bambance tsutsa da ƙudan zuma. Mazauna Turai sun ɗanɗana kuɗar maganin ƙwari ta wata fuskar: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa.

Turawan ma suna da nasu kukan. Akwai wani ƙaton ƙudan zuma mai gashi da ba mu da shi a ƙasar Hausa, ba ya tara zumar da za a ɗiba, amma shi ke barbarar tumatir: yakan kama furen ya girgiza shi da ƙugin jikinsa har garin ya zubo. Birtaniya na da iri 24, wasu biyu sun ɓace a ƙarnin da ya wuce, yayin da ƙasar ta rasa kusan kashi 97 cikin ɗari na filayenta masu furannin daji tun daga shekarun 1930. Don shi aka kafa ƙungiyar Bumblebee Conservation Trust a 2006, kuma kamar sauran ƙungiyoyin jinƙai na can, lokaci-lokaci takan nemi amintattu.

Aikin amintacce ba shi da albashi, kamar gayya yake, sai dai wannan gayyar doka na sa mata ido. Shi ke duba lissafin kuɗi kafin a miƙa wa hukuma, shi ke tambayar shugaban ma'aikata me ya sa aka kashe kaza, kuma in aka yi sakaci, shi za a tuhuma. Ba a bukatar ya zama masanin ƙwari. Akanta ko lauya ko mai aikin kwamfuta ma ana maraba da su. Wani bincike na hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai ta Ingila a 2017 ya nuna kashi 92 cikin ɗari na amintattu farar fata ne, yawancinsu dattawa, shi ya sa ƙungiyoyi ke cigiyar wasu fuskoki.

Mu kuwa mun fi ganin irin wannan kujera a matsayin shagalin Bature mai hutu. A ganina asara ce. Ƙungiyoyinmu na 'yan gida a waje ba su rasa zuciya ba: a yi rasuwa ko a kai hari wani ƙauye, kafin gari ya waye an tara kuɗi a WhatsApp. Abin da suka rasa shi ne rajista da littafin lissafi, kuɗin yakan zauna a asusun mutum ɗaya saboda “ai Alhaji ne, ba a tambayarsa”. Ƙungiya mai rajista a Birtaniya tana iya karɓar ƙarin fam 25 daga gwamnati a kan kowane fam 100 da mai biyan haraji ya bayar, ta tsarin Gift Aid. Mu muna barin wannan a ƙasa.

Wanda ya yi shekara uku a kwamitin ƙungiyar ƙudan zuma zai fito ya san yadda ake rubuta neman tallafi da yadda ake kare shi. Da wannan sanin zai iya yi wa masu amya na Kwatarkwashi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya nemo musu akwatunan zuma na zamani da za a ajiye a bayan gari, sannan a zauna da manoman wake a kan su mayar da feshi zuwa yamma lis, bayan ƙudan zuma ya koma gida.