Irin wiwi na gargajiya

Irin wiwi na gargajiya shi ne nau'in tsiron wiwi (Cannabis sativa) da manoman wani yanki suka daɗe suna shukawa, suna ajiye irinsa daga girbi zuwa girbi, har ya saba da ƙasar wurin da ruwan samanta da sanyinta da tsawon yininta. Ya bambanta da irin zamani, wanda ake samarwa ta hanyar haɗa nau'i biyu ko fiye da gangan domin a sami wata siffa da ake so. Saboda kowane irin gargajiya ya ginu ne a kan yanayin mahaifarsa, idan aka kai shi wata ƙasa yakan sha wahala. Wannan ya sa a ƙasashen sanyi inda doka ta yarda da noman, ake fara renon tsiron a cikin ɗaki kafin a dasa shi a fili.

Asali da rabe-rabe

Wiwi yana cikin dangin tsirrai da ake kira Cannabaceae, kuma asalinsa nahiyar Asiya ce. An tono ragowarsa mai kimanin shekara 2,700 a wani kabari a Yanghai, kusa da Turfan a yammacin ƙasar Sin. Carl Linnaeus ne ya ba shi sunan kimiyya a shekarar 1753. A 1785 Jean-Baptiste Lamarck ya bayyana wani nau'i daga Indiya, ya kira shi Cannabis indica, sannan a 1924 masanin tsirrai ɗan Rasha D. E. Janischewsky ya bayyana na uku, Cannabis ruderalis. Har yanzu masana suna saɓani a kan ko jinsi uku ne ko kuwa jinsi ɗaya ne mai rassa.

An noma shi don dalilai uku: zaren jikin karansa da ake yin igiya da tufafi, ƙwayarsa da ake ci ko a matse mai, da kuma danƙon furen macensa, wanda ke ɗauke da sinadaran THC da CBD. Na farkon shi ne mai sa maye. Abin da manoman kowane yanki suke nema shi ya tsara irin da suka gada.

Sanannun ire-ire

A tsaunukan Hindu Kush da ke tsakanin Afganistan da Pakistan, tsiron gajere ne mai faɗin ganye, yana nuna da wuri kafin sanyi ya sauko. A kwarin Parvati na jihar Himachal Pradesh a Indiya, musamman ƙauyen Malana, ana murza furen da hannu a tara danƙon da ake kira charas. A tsaunukan Rif na Maroko akwai irin da ake kira Beldiya, wanda ya saba da noman ruwan sama da ƙarancin ruwa. Kwarin Beka'a na Labanan ma yana da nasa.

A ƙasashe masu zafi kuwa, kamar Tailan da Malawi da Kolombiya, tsiron dogo ne mai siririn ganye, kuma yana ɗaukar watanni yana fure. Sunayen da kasuwa ta laƙaba musu, irin su Malawi Gold da Durban Poison da Acapulco Gold, sun fito ne daga wuraren da aka samo su. Daga shekarun 1970 masu haɗa iri a Amurka, daga baya kuma a Holan, suka riƙa haɗa na Afganistan da na ƙasashen zafi, kuma daga nan ne yawancin ire-iren zamani suka samo asali.

Tsawon yini da fure

Abin da ya fi ƙayyade rayuwar wannan tsiro shi ne tsawon dare. Yawancin ire-irensa ba sa fara fure sai dare ya yi tsawo ba tare da haske ya katse shi ba. Manoman ƙasar Hausa sun san wannan hali a jikin maiwa da tsoffin ire-iren dawa, waɗanda ke jiran ƙarshen damina kafin su fitar da kai, ko da an shuka su da wuri.

Bambancin yana zuwa ne daga nisan wuri da tsakiyar duniya. A Kano, tsawon yini ba ya yin nisa da awa 12 a duk shekara. A Kabul yakan haura awa 14 a watan Yuni, a Berlin kuwa ya kusa awa 17. Irin da ya fito daga ƙasar zafi, idan aka shuka shi a arewacin Turai ko Kanada, zai yi ta girma ba fure har kaka ta shigo, sanyi ya kashe shi kafin ya nuna. Irin Afganistan kuwa, idan aka kai shi kusa da tsakiyar duniya, yakan yi fure tun yana ƙarami, saboda a wurinsa daren can ya riga ya yi tsawo. Nau'in ruderalis ne kawai ba ya bin wannan doka, domin shekarunsa na kwanaki ne ke sa shi fure, ba haske ba.

Reno a cikin ɗaki

Dalilin reno a ɗaki shi ne a ƙara wa tsiron lokacin girma a wuraren da lokacin ɗumi gajere ne. Aikin ya yi kama da yadda masu lambu ke renon tumatir da albasa kafin dashe. Ƙwayar takan tsiro cikin 'yan kwanaki idan ta sami danshi da ɗumi. Saiwar tsakiya ce ke fara fitowa, sai ganyen iri guda biyu, sannan ganyen gaskiya, wanda ke farawa da yatsa ɗaya, na gaba uku, na gaba biyar.

Matsaloli biyu ne suka fi kashe tsiro a wannan mataki. Na farko ruɓewar gindi, wadda ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Fusarium ke haddasawa idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kuma iska ba ta ratsa wurin. Na biyu ƙarancin haske, wanda ke sa karan ya yi tsawo ya sirance har ya faɗi. Ire-iren gargajiya da yawa sun saba da ƙasa mara ƙarfi, don haka yawan taki yakan ƙona bakin ganyensu.

Haka kuma irin gargajiya ba ya fitowa bai ɗaya. A cikin iri guda ana samun dogo da gajere, mai saurin nuna da mai jinkiri. Namiji da mace kuma a tsiro daban-daban suke, iska ce ke ɗaukar ƙurar furen namiji ta kai wa mace.

Sabawa da fili

Tsiron da ya tashi a ɗaki yana da laushin jiki. Fatar ganyensa siririya ce, karansa bai san iska ba, kuma hasken fitila bai kai ƙarfin rana ba. Idan aka fitar da shi gaba ɗaya, ganyen yakan yi fari ya ƙone, ko ya yanƙwane saboda ruwan da yake fitarwa ya fi wanda saiwa ke jawowa. Don haka ake sabar da shi sannu a hankali, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ana farawa da ɗan lokaci a inuwa inda iska ba ta da ƙarfi, a riƙa ƙarawa har ya iya wuni da kwana a waje. A wannan lokaci fatar ganyen takan yi kauri, karan ya yi ƙwari. Wannan tsari ɗaya ne da wanda ake bi wa kabeji da barkono a ƙasashen sanyi.

Ba a dasawa sai an wuce lokacin da raɓa ke daskarewa da dare. Akwai kuma batun haske: tsiron da ya saba da dogon hasken fitila, idan ya fita lokacin da yini bai gama tsawo ba, yakan ɗauka kaka ce ta zo, ya fara fure tun bai girma ba.

Barazanar ɓacewa

Ire-iren gargajiya suna raguwa a mahaifarsu. A Rif, ire-iren zamani masu yawan amfani amma masu shan ruwa da taki sun mamaye gonaki, suka tura Beldiya gefe. Tunda iska ke yin barbara, gona ɗaya ta irin zamani tana iya gurɓata irin maƙwabta, kuma idan iri ya gauraya ba a iya mayar da shi yadda yake. Abin da ke salwanta shi ne jure fari da cuta da sanyi, waɗanda manoma suka tara cikin ɗaruruwan shekaru. Cibiyar Vavilov da ke Saint Petersburg a Rasha tana cikin ma'ajiyoyin da ke adana irin wannan tsiro, amma haramcin da ke kansa ya sa ba a tattara shi kamar yadda aka tattara na alkama ko shinkafa ba.

Matsayin doka

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi ta sa wiwi cikin abubuwan da ake taƙaitawa. Wasu ƙasashe sun sassauta daga baya. Yurugai ta yarda da shuka shida a gida a dokarta ta 2013, Kanada huɗu a 2018, Jamus uku ga kowane baligi a 2024. Lesotho ta fara ba da lasisin noman magani a 2017, Maroko kuma ta yi doka a 2021 da ta halatta noman don magani da masana'antu a lardunan Al Hoceima da Chefchaouen da Taounate.

A Najeriya noman wiwi laifi ne, ko a ɗaki ko a fili, ba tare da la'akari da nau'in iri ba. Dokar soja ta 1966 ta haramta shi, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ce ke lalata gonakinsa da gurfanar da masu nomansa a kotu.