Makaɗan Turai Masu Aiki Tare: Gidan Opera Da Kiɗan Zaure

Duk wanda ya soma jin labarin kiɗan Turawa na ilmi, wato irin wanda ake rubutawa a takarda da alamomi, makaɗi ya karanta shi yadda ake karanta littafi, sunayen mawallafa ne ke fara isa kunnensa, su Haydn da Mozart da Beethoven, har ya zaci sana'ar ta mutum ɗaya ce mai baiwa wanda ya kaɗaita da alƙalaminsa. Alhali kuwa abin da mawallafi ya rubuta ba ya zama sauti sai waɗansu mutane sun taru sun yi ittifaƙi bisa yadda za su fitar da shi, kuma galibin waɗanda suka ci abinci da wannan sana'a sun ƙare rayuwarsu ne a gefen abokan aiki, hannunsu na kan kayan kiɗansu, kunnensu na ga na kusa da su. Tarukan da makaɗan nan ke haɗuwa a cikinsu suna da yawa, amma biyu daga ciki sun isa su nuna wa mai karatu yadda al'amarin yake, domin ɗaya shi ne mafi girma, ɗayan kuwa shi ne mafi ƙanƙanta.

Babban shi ne opera, wasan kwaikwayon da ake rera zancensa maimakon a faɗe shi. A Italiya ya samo asali wajen shekarar 1600, kuma mafi daɗewa cikin waɗanda har yau ake yawan nunawa shi ne Orfeo, wanda Monteverdi ya tsara aka nuna a birnin Mantuwa cikin 1607. Da fari abin sarakuna ne da fadawansu, sai a 1637 aka buɗe wani gida a birnin Benis inda kowa zai biya kuɗi ya shiga, daga nan fa waƙar ta zama sana'ar da kasuwa ke ciyar da ita. A gidan opera mawaƙa da 'yan amshi suna bisa dandali, makaɗa kuwa, waɗanda sukan kai sittin ko fiye, suna zaune a wani gurbi mai zurfi gaban dandalin, kowane da 'yar fitilarsa a kan takardarsa, yawancinsu ba su ko ganin mai waƙar da suke yi wa kiɗa. Mutum ɗaya ne ke ganin sama da ƙasa, wato madugun makaɗa mai riƙe da 'yar sanda, saboda haka hukunci nasa ne. Amma ko shi ba ya isa komi, gama mawaƙiya takan ja murya yau fiye da yadda ta ja jiya, ko numfashinta ya gaza ta gaggauta, kuma makaɗin da ya ƙware shi ne wanda ke jin haka tun kafin sandar madugu ta sanar da shi.

Ƙaramin taron shi ne kiɗan zaure, wanda aka tsara tun asali domin a yi shi cikin ɗakin baƙi na gidan wani babba. Makaɗansa kaɗan ne, daga biyu zuwa takwas ko tara, kowa da rabonsa na kiɗan wanda babu mai taya shi, kuma ba su da madugu. Nau'in da masana suka fi girmamawa shi ne na mutum huɗu masu goge irin na Turawa: biyolin biyu, da biyola wadda ta ɗan fi su girma da kaurin murya, da celo wanda ake jingine shi tsakanin gwiwoyi. Joseph Haydn ne ya kafa ƙa'idojin wannan nau'i, ya rubuta masa fiye da sittin, kuma tarihinsa na nuna cewa sana'o'in nan biyu ba su taɓa rabuwa ba. Tun daga 1761 har 1790 makaɗin fada ne a gidan sarautar Esterhazy, matsayinsa bai yi nisa da na makaɗan fadar sarakunanmu ba, ga tufafin da aka wajabta masa, ga zuwa gaisuwa kullum don jin abin da ubangidansa ke bukata; a gidan nan shi ke shirya opera yana jagorantar ta shekara da shekaru, a nan kuma ya riƙa rubuta kiɗan mutum huɗu.

A zamanin Haydn abokai ne ke taruwa su kaɗa don nishaɗi. Lokacin Beethoven ne abin ya yi wuyar da sai wanda ya mai da shi sana'a, har a 1808 Razumovsky, wanda ya yi jakadancin Rasha a birnin Biyana, ya ɗauki ƙungiyar mutum huɗu aiki na dindindin ƙarƙashin Ignaz Schuppanzigh, yana biyan su albashi. Da fadar jakadan ta ƙone a ƙarshen 1814, ba a daɗe ba ƙungiyar ta watse, gama dukiyar da ke riƙe da ita ta tafi.

Wanda ya fi kowa haɗa gurbin opera da zaure cikin rayuwa ɗaya shi ne Arnold Rosé. Yana saurayi bai kai shekara ashirin ba aka naɗa shi shugaban masu goge na gidan opera na Biyana a 1881, ya riƙe kujerar nan har 1938, wato shekara 57, kuma cikin wannan tsawon zamani yana da tasa ƙungiyar ta mutum huɗu, wadda ta fara fitowa gaban jama'a a 1883, ta kuma zama ta farko da ta kaɗa waɗansu ayyukan Brahms da na Schoenberg. Da dare yana bin sandar madugu, ciki har da surukinsa Gustav Mahler wanda ya shugabanci gidan daga 1897 zuwa 1907, da rana kuma yana zaune da mutum uku suna yanke wa kansu hukunci. Lokacin da Hitila ya haɗiye Ostiriya a 1938 aka kore shi daga aiki saboda asalinsa Bayahude ne, ya yi hijira zuwa Landan yana tsoho, 'yarsa Alma kuwa, wadda ita ma gwanar biyolin ce, ta mutu a sansanin Auschwitz a 1944.

Wannan musiba ɗaya, wadda ta rushe ƙungiyar Rosé, ita ce sanadin haihuwar ƙungiyar da ake kira Amadeus. Samari uku Yahudawan Biyana, Norbert Brainin da Siegmund Nissel da Peter Schidlof, sun tsere zuwa Ingila, amma da yaƙin duniya na biyu ya tsananta sai hukumar Ingila ta tsare su a matsayin mutanen ƙasar abokan gaba, kuma cikin sansanonin tsaro, ɗaya a tsibirin Man, aka ƙulla sanayyar da ta haɗa su. Bayan an sake su suka zauna gaban malami ɗaya, Max Rostal, wanda ya karantar da su bai karɓi ko kwabo ba. Dukansu uku masu biyolin ne, ƙungiya kuwa biyu take bukata, sai Schidlof ya haƙura ya koma biyola. Na huɗunsu, mai celo, ɗan Ingila ne, Martin Lovett. Sun haɗu a 1947, suka yi fitowarsu ta farko a babban zauren Wigmore na Landan ranar 10 ga Janairu 1948, suka kuma zauna su huɗun nan, ba a sauya ko ɗaya ba, har shekara arba'in.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi abin da ke cikin irin wannan zama, domin a nan ne sirrin sana'ar yake. Mutum huɗu suna zaune sun yi rabin da'ira, kowa da takardar da ke ɗauke da rabonsa kaɗai, da fensir a gefenta. Babu mai ƙirga musu lokaci. Idan za a soma, mai biyolin na farko yakan ɗan ɗaga izgarsa, wato bakan da ake goga tsirkiya da shi, ya ja numfashi, sauran ukun su ja tare da shi, sauti ya fito lokaci guda kamar daga hannu ɗaya. Kafin a kai ga haka kuwa an yi makonni ana mujadala a kan abubuwan da mai sauraro ba zai taɓa sanin an yi gardamarsu ba: ko a ja izga sama ko ƙasa a wuri kaza, ko a sassauta gudu kafin jimla ta ƙare, ko wane ne cikin huɗun zai rage murya don a ji ɗan'uwansa, ko sautin nan na biyola ya ɗan haura daidai da kaurin gashi. Abin da aka daidaita a kai sai kowa ya rubuta da fensir, domin mai yiwuwa ne baɗi a goge. Mutanen Amadeus sun yi suna da zafin gardama wajen gwaji, kuma ni a ganina wannan ba aibi ba ne, gama mutum huɗu ba su rabuwa gida biyu a sami rinjaye cikin sauƙi, dole wanda ke da ra'ayi ya kawo hujja ya kaɗa ta a ji, har sauran su gamsu ko shi ya janye. Mafi nauyin haƙuri yana kan mai biyolin na biyu da mai biyola, waɗanda ƙwarewarsu ba ta gaza ta na farko ba, amma aikinsu shi ne su cika tsakiya, su ɗaga wani a yaba masa.

Ga kuma batun abinci. Makaɗin gidan opera yana da albashi, a manyan gidaje har da fansho, sai dai sunansa ba ya fita, kuma ba a tambayar ra'ayinsa. Ɗan ƙungiyar huɗu yana da suna da 'yanci, amma ladan da za a ba makaɗi ɗaya shahararre shi ake rabawa huɗu, zaurukan da suke cikawa ƙanana ne, rabin shekara suna kan hanya, kuma ranar da ɗaya ya kwanta ciwo ukun ma sun rasa aiki. Shi ya sa da yawa sukan haɗa da koyarwa, kamar yadda mutanen Amadeus suka yi a makarantar kiɗa ta birnin Kolon a Jamus.

A ɓangaren mawaƙa ma akan sami irin wannan doguwar tarayya, ko da yake al'adar opera ita ce a taru makonni kaɗan a watse. Joan Sutherland ta Ostireliya, wadda ta yi fice a Landan a 1959, mijinta Richard Bonynge ne ya gane cewa muryarta ta fi dacewa da tsofaffin waƙoƙin Italiya masu hawa da sauka, ya karkata ta can, daga baya ya zama madugun yawancin wasanninta har ta yi murabus a 1990. Amma misalin da ya fi cika shi ne na mawallafi Benjamin Britten da mawaƙi Peter Pears, waɗanda suka yi aiki da zama tare kusan shekara arba'in. Britten ya riƙa rubuta manyan rawa na operarsa daidai da muryar Pears, tun daga Peter Grimes, wadda aka fara nunawa a Landan ranar 7 ga Yuni 1945, har zuwa ta ƙarshe a 1973, mai labarin wani marubuci da ya mutu a Benis. Tsakanin waɗannan kuma su biyu kaɗai sukan hau dandali, Britten a kan fiyano, Pears yana rera waƙoƙin Schubert. Da yake tsadar opera ta fi ƙarfin ƙananan garuruwa, sai Britten ya ɗauko hikimar zaure ya kai ta gidan opera, ya tsara wasanni masu mawaƙa kaɗan da makaɗa goma sha uku kacal, kowane makaɗi shi kaɗai ke riƙe da rabonsa, ta yadda wanda a da yake ɓoye cikin sittin ya zama ana jin sa shi kansa. A 1948 kuma shi da Pears da Eric Crozier suka kafa bikin kiɗa na shekara-shekara a Aldeburgh, ƙaramin garin masunta a gabashin Ingila.

A nan hanyoyin biyu suka haɗu. Bayan aikin zuciya da aka yi wa Britten a 1973 hannunsa na dama ya raunana, bai ƙara kaɗa fiyano gaban jama'a ba, amma a 1975 ya rubuta wa mutanen Amadeus kiɗan mutum huɗu, na uku cikin jerin nasa, ya ɗebo waɗansu sautuka daga operarsa ta ƙarshe ya zuba cikin kashin ƙarshe na kiɗan. Suka je gidansa suka kaɗa masa ya ji a watan Satumba 1976, ya rasu ranar 4 ga Disamba, suka fitar da shi ga jama'a ranar 19 ga watan, a zauren Snape kusa da Aldeburgh.

Mutuwar ɗaya cikin huɗu ita ce mas'alar da kowace ƙungiya sai ta fuskanta, kuma ba a yi ijma'i a kan amsarta ba. Ƙungiyar Juilliard ta Amurka, wadda aka kafa a 1946, ta ɗauki hanyar sauyi: in ɗaya ya tafi a nemo wani, tsofaffi su koya wa sabo, har ya zamana yau babu ko ɗaya daga waɗanda suka kafa ta, bayan Robert Mann ya riƙe biyolin na farko shekara 51 ya sauka a 1997, amma sunan da silsilar koyarwar suna nan. Mutanen Amadeus sun ga ba haka ba. Da Schidlof ya rasu a watan Agusta 1987 yana da shekara 65, sauran ukun ba su nemi wani mai biyola ya hau kujerarsa ba, suka rufe ƙungiyar, suka mai da hankali ga karantar da ƙananan ƙungiyoyi masu tasowa, waɗanda suka riƙa zuwa Landan daga ƙasashe dabam-dabam don zama gabansu. Brainin ya rasu a 2005, Nissel a 2008, Lovett kuwa, ƙaraminsu, ya kai har 2020.