Sabis Cike, Kuɗi Sun Maƙale: Wa Ke Tare Hanya a Birnin Gwari?

Ranar kasuwa a Birnin Gwari, la'asar sakaliya, an gama cinikin bijimi. Mai POS ya danna, na'ura sai juyi take yi. "Alhaji, a ƙara haƙuri, bai tafi ba." Alhaji ya duba wayarsa, ga sandunan sabis a cike. Da asuba kuwa, a daidai wurin, saƙo kan wuce kafin ƙiftawar ido. To, wa ke tare hanya?

Gwamnati aka fara zargi, kuma da dalili. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa an rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, don raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, sai ƙarshen Nuwamba aka buɗe. Amma duk wanda ya ga wancan zamani ya san alamarsa: sanda ko ɗaya babu. Haka abin yake idan dizal ya ƙare a janareton eriya, ko aka sace batura.

Banki fa? Da laifinsa ne, da saƙon murya na WhatsApp ya wuce, amma shi ma ga shi a tsaye. Wayoyin ƙarƙashin teku fa? Ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikinsu sun yanke a gaɓar Kwaddebuwa, sai dai wannan masifa ta haɗa da Legas da Kano, kuma ba ta zaɓi ranar kasuwa ba.

Saura sawu ɗaya, wato lokaci. Abin da ke lafiya da asuba ya shaƙe da yamma, cunkoso ke damunsa. Sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakanin wayarka da eriya kaɗai suke aunawa, ba ruwansu da abin da ke gaba. Daga eriya, saƙo na bin fararen farantan da ke cilla shi daga ƙarfe zuwa ƙarfe a saman daji, ko ya bi wayar faiba da aka binne, har ya isa ɗakin na'urori mai sanyi a birni. Can akwai rawuta, babbar na'urar da ke raba wa saƙonni hanya, ƙirar kamfanoni irin su Huawei, Cisco da Nokia. A cikinta ake zura faifan da ake kira katin layi, wanda wayoyin faiba ke shiga bakunansa. Wani bakin gigabit 10 yake ɗauka a daƙiƙa, wani 100, sababbin har 400.

Wannan katin shi ne shaidar da ke raba gardama, domin komai ya wuce ta kansa sai ya ƙirga. Idan injiniya ya duba ya ga hasken da ke shigowa ya ɗauke, an yanke faiba ke nan. Idan haske na nan, amma lissafi ya nuna hanya ta cika maƙil, ga kuma tarin guntayen saƙonnin da aka zubar saboda wurin jira ya ƙare, magana ta fito. Kamar motoci ne a siririyar gada: na gaba su wuce, na baya su yi ta jira. Saƙon kuɗin Alhaji na cikin masu jiran nan, har na'ura ta gaji ta ce bai tafi ba.

Me ya sa ba a faɗaɗa ba? Ƙara baki a katin layi a birni aiki ne mai sauƙi. Amma faɗinsa ba zai yi amfani ba sai an ƙarfafa farantai da faibar da ke kai masa kaya, kuma wannan aiki ne na mutum ya bi hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa, ya hau ƙarfe a gefen dajin Kamuku. Shekarun da hanyar ta zama tarkon masu garkuwa da mutane, wa zai tura ma'aikacinsa?

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga. Tunda fatake sun dawo, hakkin Hukumar Sadarwa ta NCC ne da kamfanonin waya su duba lissafin katunan nan, su faɗaɗa duk inda ya shaƙe. Mutumin Birnin Gwari kuɗin data ɗaya yake biya da na Abuja, ya cancanci hanya mai faɗi irin tasa.