Gyaran tsohuwar mota bayan hatsari: Abin da fenti ke ɓoyewa

Duk wanda ya saba bin hanyar Wudil zuwa Gaya, ko ya zarce daga Gaya ya nufi Ajingi, ya san irin motocin da ke ɗawainiya da jama'ar wannan yanki: Golf, da Sharan wadda direbobi ke kira Sharon, da tsofaffin Peugeot, da ƙananan bas-bas. Da yawansu sun haura shekara 20 da barin masana'anta. Su ke kai manomi kasuwa, su kai mai naƙuda asibiti, su dawo da ɗalibi gida.

Idan ɗaya daga cikinsu ta yi karo, da wuya mai ita ya yi tunanin sayen wata. Tun da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017, sannan darajar Naira ta faɗi warwas daga watan Yunin 2023, motar Beljiyam ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya rage shi ne a ja ta zuwa gareji. Bayan mako biyu ko uku sai ta fito tana sheƙi, a cika ta da fasinja, a hau titi. Sai dai sheƙin fenti ba ya nuna ko motar ta warke. Lafiyarta tana can cikin ƙashinta, inda ido ba ya kaiwa.

Fata da ƙashi

Jikin mota iri biyu ne. Manyan motoci da a-kori-kura irin su Hilux suna da shasi mai zaman kansa, wato wasu dogayen ƙarafa biyu da aka ɗora bodi a kansu. Ƙananan motoci kuwa, tun daga Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975, har zuwa Golf 3 da ta fara fitowa a 1991, bodinsu da ƙashinsu a haɗe suke. Daɓen motar, da ginshiƙan ƙofofi, da rufin, da ƙarafan nan biyu da ke riƙe da inji, duk da su ne motar ke tsayuwa. Shi ya sa bugun da ya samu kusurwar gaba yakan karkatar da mazaunin ƙafa, har ya kai ga ƙofar baya ta ƙi rufuwa.

Akwai kuma hikimar da ke cikin lotsewar gaban mota. Wani injiniyan kamfanin Mercedes-Benz mai suna Béla Barényi ne ya ƙirƙiro tsarin da gaba da bayan mota za su naɗe su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja kuma ya tsaya daram. An fara amfani da tsarin a motocin kamfanin a 1959, daga baya ya game duniya. Ke nan ƙarfen da ya naɗe ya riga ya yi aikinsa, ya karɓi dukan da zai faɗa kan mutane. Idan aka miƙar da shi da wuta aka mayar, siffarsa ce kawai ta dawo. A karo na biyu ba zai kare kowa kamar yadda ya yi da farko ba.

Yadda aikin kirki ke tafiya

Gwanin gyaran bodi ba ya fara aiki da guduma. Yakan fara da kwance bamba, da fitilu, da bonet, da lagireto, domin ya ga iyakar ɓarnar. Daga nan sai awo. Ana auna ɗakin inji da ƙasan mota a gicciye, daga kusurwar dama ta gaba zuwa ta hagu ta baya, sannan a juya. Idan tsawon biyu ya bambanta da fiye da milimita 3, motar ta karkace.

Mataki na biyu shi ne ja. A manyan garejoji ana ɗaure mota a kan wani teburin ƙarfe, a ja ta da sarƙa da jak mai aiki da mai. A garuruwanmu sau da yawa gindin bishiya ko turken ƙarfe ne ke maye gurbin teburin. Wannan ma yana iya aiki idan ana ja a hankali, ta fuskar da dukan ya shigo, ana tsayawa ana sake awo. Ƙa'idar ita ce a fara miƙar da ƙashi kafin a taɓa fata. Wanda ya fara da gyaran madigadi da ƙofa, tilas ya faɗaɗa ramukan ƙusoshi domin su zauna, kuma wannan ɓoye cuta ne.

Sai bugu. A nan tsohuwar mota tana da fifiko, domin ƙarfen jikinta mai taushi ne, yana karɓar guduma da maƙera. Sababbin motoci kuwa ana yin ginshiƙansu da ƙarfe mai tauri wanda zafi ke kashe wa ƙarfi. Duk da haka, ko a tsohuwar mota, gasa ƙarfen da ke riƙe da inji ko ƙafa har ya yi ja wur yana raunana shi. Ƙarfen da ya lanƙwasa ana iya miƙar da shi, amma wanda ya naɗe har ya yi kaifi ko ya tsage, sauyawa ya kamata a yi. Irin waɗannan sassa ana samun su a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci.

A nan ne wani haɗari yake, wato yanka a haɗa: a yanke gaban wata mota ko bayanta, a liƙa wa wata. Idan an yi waldar a mahaɗar da masana'anta ta yi tata, aka ƙarfafa ta daga ciki, aikin na iya riƙewa. Idan kuwa an yanka tsakiyar ginshiƙi da daɓe a layi ɗaya aka ɗiɗɗiga walda aka shafe da fila, motar na iya rabewa biyu a karo mai ƙarfi.

Fila da fenti

Fila, wato ƙullin nan da ake shafawa a goge da samfefa, an yi shi ne domin cike ƙananan ramukan da guduma ta bari. Bai kamata kaurinsa ya wuce milimita 3 zuwa 6 ba. Inda aka lafta shi domin gudun wahalar bugu, zafin bazara da gargadar hanya za su fasa shi cikin 'yan watanni, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci ƙarfen daga ƙasa. Haka kuma duk wurin da aka yi walda yana bukatar fentin share fage mai hana tsatsa, ciki da waje, kafin a fesa launi. Feshi a fili lokacin hunturu yana tara ƙura a jikin fentin, kuma mai feshin da ba ya rufe hanci da baki yana cutar da huhunsa. Kafin a kunna wutar walda kuwa, wajibi ne a cire kan batir, a kuma nisanta wutar daga tankin mai da bututunsa.

Abubuwan da ba a gyarawa

Wasu sassa ba su da gyara. Bel ɗin kujera da ya riƙe mutum a karo mai tsanani ya riga ya miƙe, sai a sauya shi. Jakar iska da ta fashe ba a cusa ta a manne murfin sitiyari. Wanda ya yi haka ya bar direba babu kariya. Ƙarafan sitiyari da na ƙafa da suka lanƙwasa ba a gasa su a miƙar. Gilashin gaba kuma dole ya zama mai ninki biyu da roba a tsakani, wanda ke tsagewa ba tare da ya tarwatse a fuskar mutane ba.

Kafin ka karɓi motarka

Mai mota yana da hanyoyin gane aiki ko da bai san kanikanci ba. Ya je ya ga motar bayan an gama bugu da walda, kafin a shafa fila, domin a lokacin ne gaskiya ke fili. Ya dubi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet, ko ta zo daidai hagu da dama. Ya ɗora ƙaramin maganaɗisu a jikin bodin. Inda ya ƙi kamawa, fila ya yi kauri. Ya tuƙa ta a shimfiɗaɗɗen titi ya ga ko tana ja gefe ɗaya, sannan ya kai ta a daidaita ƙafafu da na'ura. Idan bayan 'yan makonni taya ta fara cinyewa ta gefe guda, da sauran aiki. Wannan dubawa ita ce kuma ta dace da duk mai shirin sayen tsohuwar mota.

Wa zai biya?

Yawancin gyaran ganin ido rashin kuɗi ne ke jawo shi. A nan inshorar da doka ta wajabta tana da amfani. Daga 1 ga Janairun 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar kare haƙƙin wani na motar gida Naira 15,000 a shekara, tare da ɗaga diyyar dukiyar da aka lalata zuwa Naira miliyan 3. Wannan inshora ba ta gyara motar mai laifi, ta wanda aka buga take gyarawa, kuma sai takardar ta gaskiya ce. Ga masu ƙyamar inshorar gargajiya saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi. Ya kamata a ɗauki hoton motocin a wurin hatsarin, a sanar da 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, domin rahotonsu yana sauƙaƙa karɓar diyya.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Idan kuɗin mai mota bai isa duka aikin ba, gara ya kashe su a kan ƙashi, da ƙafa, da birki, da bel, ya bar fenti sai Allah Ya hore. Mota mai ƙofa ja da bonet fari tana kai fasinja Ajingi lafiya, muddin ƙashinta a miƙe yake.