Yadda Ake Gane Ciwon Na'urar Gem

Wanda duk ya ratsa Ɗanbatta ranar Lahadi, kasuwa tana ci, la'alla zai ji ihun yara daga wata rumfa mai janareta a bakinta, inda suka yi cincirindo gaban talabijin suna buga ƙwallo a PlayStation 2, na'urar da kamfanin Sony ya fitar a Japan a 2000, ya daina ƙera ta a farkon 2013, amma har yau tana ciyar da mai ita. Da yawa daga irin waɗannan na'urori sun daina cin faifai, domin ƙurar hunturu ta dushe idon da ke karanta shi; abin da ke tafiyar da su yanzu shi ne manhajojin da masu sha'awa suka rubuta bisa ijtihadin kansu, ba da izinin kamfani ba, wato Free McBoot da ake dasawa a katin memori, da OPL mai ɗauko wasa daga filashi.

To, mushkilar ita ce, in na'urar ta cije, alama kaɗai take nunawa, illar kuwa sai an bi ta da ƙiyasi, kamar yadda tabibi ke yi da zazzaɓi. In ta rubuta "Disc Read Error", galibi idon ne, a goge shi tukuna. In hoto ya fito fari da baƙi yana birgima, lafiyarta lau, saɓani ne tsakanin tsarin NTSC na Amurka da Japan da tsarin PAL da talabijin ɗinmu suka saba da shi. Amma in wasa ya taso, allo ya tsaya cik a kan launi guda, to tuhuma ta fi ƙarfi a kan filashi, saboda tsarin FAT32 da ake tsara filashin da shi ba ya ɗaukar fayil da ya haura giga 4, dole a yanka babban wasa gunduwa-gunduwa, kuma muddin aka yi ta gogewa ana zubawa har fayil ya tarwatse a ciki, sau da yawa OPL ba ya iya bin sawunsa.

Na taɓa ganin wani mai rumfa yana hura wa katin memori iska, yana marin na'urar, yara na ƙorafin kuɗinsu, alhali laifin na filashi ne. Ɗan'uwansa ya karɓa, ya kwashe wasannin a kwamfuta, ya wanke filashin, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar an koma buga ƙwallo.