Wa Zai Kama Soja Idan Ya Yi Laifi?

A ƙofar barikin soja a Najeriya ana ganin wasu dakaru masu jar hula suna tsayar da motoci, suna duba takardu. Su ne 'yan sandan soja, kuma makarantar horar da su tana Basawa, a Zariya. Mutane da yawa suna zaton an ajiye su ne don tsare ƙofa kawai. Alhali babban aikinsu sa ido a kan soja ɗan'uwansu: wanda ya gudu daga bakin daga, wanda ya sayar da harsashi, wanda ya lakaɗa wa farar hula duka a kasuwa. Su ke kama shi, su tsare shi a gadurum, su yi bincike, sannan a gurfanar da shi gaban kotun soja.

Tsarin mulkin 1999 ya raba aikin. Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Sashe na 217 ya ɗora wa soja kare ƙasa daga harin waje, ya kuma ba shugaban ƙasa damar kiran su idan tarzoma ta fi ƙarfin hukumomin farar hula. A ganina gudummawa ce ta ɗan lokaci aka nufa. Amma rundunar da aka girke a Filato tun 2010 ta shafe fiye da shekara goma a kan titi, kuma yau daga Zamfara har Borno shingen soja ya zama abin yau da kullum.

Horon ba ɗaya ba ne. Ana koya wa ɗan sanda ya kama mutum da rai, ya rubuta bayaninsa, ya kai shi gaban alƙali. Soja kuwa an koya masa murƙushe abokin gaba. Sa shi tsaron shinge wata da watanni, sai ka ga ɗan acaɓa yana tsallen kwaɗo cikin rana, riƙe da kunnuwansa, don bai sauka ya tura babur ba. To wannan bawan Allah ina zai kai kuka? Idan ya je caji ofis, da wuya a sami jami'in da zai shiga bariki ya fito da soja. Masu jar hula ne ya kamata su karɓi ƙorafinsa, shi kuwa bai ma san da su ba.

'Yan sandan kansu ba su tsira ba. A watan Agustan 2019, a yankin Ibi na jihar Taraba, sojoji suka buɗe wa motar 'yan sanda wuta bayan sun kamo Hamisu Wadume, wanda a lokacin ake zargi da garkuwa da mutane. Jami'ai 3 suka mutu, wanda aka kama ya tsere.

Nijar ta gaji wani tsarin daga Faransa: jandarma sojoji ne, amma an horar da su binciken laifi a karkara, kuma rahotonsu yana zuwa hannun mai gabatar da ƙara. Amurka kuwa tun 1878 ta yi dokar da ta taƙaita amfani da sojan tarayya wajen aikin ɗan sanda.

Rundunar sojan Najeriya ta buɗe ofishin kare haƙƙin ɗan Adam a 2016. Mataki ne mai kyau, sai dai direban babbar mota a hanyar Gusau bai san ƙofarsa ba. A liƙa lambar wayar masu jar hula a kowane shinge, da Hausa da sauran harsunan yankin, kuma idan kotun soja ta yanke hukunci a kan wanda ya ci zarafin farar hula, a sanar da mutanen garin da abin ya faru.